Shin Ko Kun San Akwai Dorinar Da Ke Iyo A Teku?

Shin ko kun san a gaɓar ƙasar Gini-Bisau akwai wasu tsibirai har 88 da ake kira Bijagos? Amma ku ji wannan: kusan 20 ne kacal a cikinsu ke da mazauna na dindindin! Sauran kuwa sai tsuntsaye da namun ruwa. Daga birnin Bisau sai ka shafe awanni cikin jirgin ruwa kafin ka sauka Bubake, babban garin wurin.

To, ku gyara zama. Dorina dai mun san ta a kogi. A tsibirin Orango kuwa, dorina na shiga ruwan gishiri! Ta yini a tafkin Anor, ta gangaro bakin teku, har ta yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Wa ya taɓa jin haka? Ayu ma yana nan, shi dai wannan ayun na kogin Binuwai da na Kwara.

Abin mamakin bai ƙare ba. Akwai wani ɗan tsibiri, Poyilawo, wanda bai kai hekta 50 ba. Da damina, musamman daga Agusta, kunkuran teku mata ke fitowa kan yashinsa cikin dare. Kowace ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da 100, ta rufe, ta koma ruwa. A shekara mai albarka ana ƙirga ramuka fiye da 20,000! Wuri ya yi ƙaranci har wata kan tone ƙwan wata garin haƙa nata. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su ruga teku. Kun san me ke sa ɗan ya zama mace ko namiji? Zafin yashi! In ya yi zafi mata su yi yawa. Wasu iyayen kuma, da aka bi sawunsu da na'ura, sai ga su a gaɓar Muritaniya, tafiyar kusan kilomita 1,000.

Wa ya tsare musu wurin? Mutanen tsibirin Kanyabake ne. A al'adarsu Poyilawo wuri ne mai tsarki: ba a zubar da jini a kansa, ba a binne gawa, ba a kafa gari. Tun kafin hukuma ta mai da shi gandun kariya a shekarar 2000, dokar dattawa ta riga ta yi aikin. A ganina sun cancanci jinjina. Har yau baƙo ba ya sauka can sai da izini.

Ga wata kuma! A tsohuwar al'adar Orango mace ce ke zaɓen miji. Ta dafa kifi da manja, ta ajiye gaban wanda ta ga dama. In ya ci, magana ta ƙare! Ita ce kuma ke gina ɗakin. Sarauniyarsu Okinka Pampa, wadda ta rasu a 1930, har yanzu ana ziyartar kabarinta a ƙauyen Etikoga.

Tsuntsaye fa? Dubu ɗaruruwa ke gudun sanyin Turai da Saberiya su sauka nan. In teku ta janye, su bazu kan laka suna kiwo.

A Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Shi ne na farko da Gini-Bisau ta taɓa samu!