Aikin Agaji da Iznin Maigida: Ina Rabon Mata?

Duk wanda ya halarci sallar Idi a Kankiya ko Kusada ya ga 'yan agaji cikin kakinsu suna daidaita sahu. Da yawansu a ƙarƙashin wani suke cin abinci: wannan masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, wancan malamin firamare, wani yaron kanti. In tashin alhazai ya zo, sai ƙungiyarsu ta rubuto takarda, shugaban ofis ko maigida ya amince, a sallame su zuwa Katsina. Madalla.

Neman iznin nan ba ladabi ba ne kawai. A fikihu, wanda aka ɗauka aiki da lada, sa'o'in aikinsa hakkin mai biyansa ne, nafila kuwa ba ta ture wajibi. Wato mabuɗin yana hannunku, ku attajirai da manyan ma'aikata.

To, mata fa? Ba baƙi ba ne a fagen nan. Rufaida ta yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu a hemarta cikin masallacin Madina bayan yaƙin Handaƙ. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna. Da aka tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, wa ya ɗiga wa yara maganin a gidajen da namiji iyakarsa zaure?

Amma aikin mace ba shi da kaki, sau da yawa ba shi da takarda. Malama ta ce za ta je wankan gawar maƙwabciya, ko ta raka mai naƙuda asibitin Kankiya, sai a ɗauke shi sha'anin gida, a rubuta mata fashi. Ga shi kuma izni biyu take nema, na miji da na ofis, alhali namiji ɗaya ya ishe shi. Mu dai ba mu ga adalci a nan ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kowane ofis da kanti ya ƙayyade kwanakin agaji a shekara, adadi ɗaya ga namiji da mace. Ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya su ma su riƙa rubuto takarda, kamar yadda Jama'atu da Izala ke yi wa 'yan agajinsu.