Daga Rimin Gado zuwa masana'antar ƙwaƙwalwar na'ura: me ake tambayar injiniya a intabiyu?

Wayar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ke karɓar ciniki da ita, da kwamfutar da ke kan teburin ma'aikaci, duk da wani ɗan guntun silikon suke aiki, wanda sau da yawa bai fi farcen yatsa ba. Ba a ƙera shi a Nijeriya. Manyan masana'antunsa suna Taiwan, inda aka kafa TSMC a 1987, da Koriya ta Kudu, gidan Samsung, da Amurka. A 2022 Amurka ta ware sama da dala biliyan 52 domin ƙarfafa wannan sana'a, a 2024 kuma aka aza harsashin wata masana'anta a Dresden ta Jamus. Gini yana ƙaruwa, ana kuma neman injiniyoyi.

Ga matashin Rimin Gado da ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan titin Gwarzo, hanyar garinsu, ƙofar ba a rufe take ba, sai dai tana da tsauri. Galibi sai an bi ta digiri na biyu a waje kafin a kai ga zaman intabiyu.

A zaman, za a taɓa karatu: yadda ake cuɗa silikon da sinadarai ya riƙa sakin lantarki ko tare shi, da yadda ake zana da'ira a kan faifansa da haske. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Faifai guda mai faɗin milimita 300 yana bin matakai ɗaruruwa cikin watanni, kuma ƙura ƙwaya ɗaya na iya kashe guntu. Don haka tambayar da ke raba masu nema ita ce: jiya guntaye 90 cikin 100 suka fito lafiya, yau 70, ina za ka fara dubawa?

Wanda ya tashi a gonakin Rimin Gado ya san irin wannan tunani tun kafin ya shiga aji. Idan gero ya yi kyau a gabashin gona ya lalace a yammaci, manomi ba ya zargin komai a lokaci guda. Yakan tambaya me ya bambanta: iri ne, ko taki, ko kwanciyar ruwa? Haka ake so injiniya ya yi: wace na'ura faifan ya bi, me aka sauya, me alƙaluma suka nuna. Mai haddace littafi a nan yake tuntuɓe, kuma wanda ya ce "ban sani ba, amma ga yadda zan gano" ya fi mai kame-kame daraja a idonsu.

Sukan kuma tambayi ko mutum zai jure aikin dare, da zaman awa 12 cikin rigar da ta rufe shi ruf, domin na'urorin ba sa hutawa.

Zagayen farko ta bidiyo akan yi shi. Taiwan na gabanmu da awa 7, wato goman safiyarsu ukun darenmu ne, sai a tanadi caji da wurin da sabis ke kamawa. Iyaye kuma su kula: kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗin intabiyu. Duk dillalin da ya ce a sayar da gona ko buhunan hatsi domin ya sama wa yaro gurbi a Taiwan, a nemi adireshin kamfanin a tambaye su kai tsaye.