Mece Ce Ziyarar Tarihi Mai Ɗan Jagora?

Ziyarar tarihi mai ɗan jagora, wadda ake yawan ambato cikin labaran yawon buɗe ido, ita ce tafiya zuwa inda magabata suka bar alamunsu, tare da masani mai fayyace al'amura bisa tartibi. A Japan akan kai baƙi Iga, mazaunin ninja, wato ƴan leƙen asirin dā, da gidajen samurai, barade ma'abota takobi waɗanda hukuma ta haramta wa rataya shi a 1876.

Mutumin Dogo-Dogo ko Dungas kuwa, idan ya nufi birnin Damagaram, ɗan jagora kan ratsa unguwar Birni da shi, ya nuna masa fada da ragowar ganuwar Sarki Tanimu, sa'an nan ya yi masa sharhin aikin dogarai da ƴan lifidi da ƴan sulke, har zuwa yaƙin Tirmini na 1899, shekarar da Faransawa suka ci birnin.

Fa'idar ba ta tsaya ga baƙo ba, domin dukawa da masu masauki suna samun rabonsu. Ɗaliban makaranta su suka fi cancanta a kai su.