Sayen Tabarau: Haƙƙin Mai Saye Da Hukuncin Matsa Masa Lamba

Tambaya:

Na je gwajin ido, aka ce sai na sa tabarau. Mai shagon ya yi ta matsa mini in sayi gilashi mai tsada, ya ce idan ban saya ba hasken waya zai lalata mini ido, kuma rangwamen na ranar ne kaɗai. Kunya ta sa na biya rabin kuɗin. Da na nemi takardar awon idona in kai wani wuri, sai ya hana ni. Mene ne hukuncin abin da ya yi, kuma zan iya fasa cinikin?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, asalin ciniki halal ne, kuma Allah Ya gina shi a kan yardar juna, kamar yadda ya zo a aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i. Babu laifi ɗan kasuwa ya yabi hajarsa da abin da ke cikinta, ko ya nuna maka mai tsada. Laifin yana farawa ne daga inda ƙarya ta shigo.

Na farko: abubuwa biyu ne ka biya wa kuɗi

Gwajin ido aiki ne na ijara, haɗa tabarau kuma ciniki ne daban. Idan ka biya kuɗin gwaji, sakamakonsa haƙƙinka ne, bai halatta a riƙe shi don a tilasta maka saye a shagon ba. A Amurka da Ingila ma doka ce ta wajabta ba majinyaci wannan takarda bayan gwaji. Amma idan tun farko an faɗa maka gwajin kyauta ne da sharaɗin za ka saya a wurinsu, kuma ka yarda, to Musulmi yana kan sharaɗinsa. Mafita a nan ita ce ka biya kuɗin gwajin ka karɓi takardarka.

Na biyu: tsoratarwa da ƙarya algus ne

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) ƙissar mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi (SAW) ya barranta daga mai yin algus. Mai shagon tabarau amanarsa ta fi nauyi, domin kai ba ka da ilimin da za ka tantance maganarsa.

Wasu ƙare-ƙaren suna da amfani na gaskiya. Gilashi siriri yana rage kauri da nauyi ga wanda lambar idonsa ta yi yawa, amma mai ƙaramar lamba bai cika ganin bambanci ba. Gilashin da ba ya saurin fashewa ya dace da yara. Wanda ke yin duhu a rana yana taimaka wa mai yawan fita, sai dai yawancinsa ba ya yin duhu sosai a cikin mota. Shi kuwa gilashin tare shuɗin hasken waya da kwamfuta, bitar bincike da cibiyar Cochrane ta fitar a 2023 ba ta samu cewa yana rage gajiyar ido ba. Wanda ya ce maka za ka makance idan ba ka saya ba, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa. Haka cewa rangwame na yau ne kaɗai alhali ba haka ba ne, ƙarya ce. Idan ya haɗa da rantsuwa, hadisin Bukhari da Muslim ya nuna tana sa haja ta shiga, amma tana shafe albarka.

Na uku: yaushe kake da zaɓin fasawa?

1. Kafin ku rabu. Shafi'iyya da Hanabila suna ba kowannenku zaɓi matuƙar ba ku bar wurin cinikin ba, saboda hadisin Ibn Umar (RA). Malikiyya da Hanafiyya suna ganin ciniki ya ƙullu da zarar an yi tayi an sallama.

2. Idan ka gindaya sharaɗi, kamar ka ce kada a fara yanka gilashin sai gobe, in ka fasa a mayar maka da kuɗinka.

3. Idan akwai aibi ko saɓa siffa: lambar da aka sa ba ita ce a takarda ba, ko tsakiyar gilashin bai yi daidai da ƙwayar idonka ba, ko an ba ka wani iri ba wanda ka biya ba. Wajibi ne a gyara ko a mayar da kuɗi. Rubutun da ake liƙawa cewa kaya in sun fita ba a dawo da su, ba ya soke wannan haƙƙi.

4. Idan an yaudare ka. Wanda bai san farashi ba, ya miƙa wuya ga maganar mai sayarwa, aka tsuga masa kuɗin da ya wuce ƙima, Malikiyya da Hanabila sun ba shi zaɓi. Haka wanda aka siffanta masa amfanin da babu shi.

Amma idan gaskiya aka faɗa maka, aka yi aikin yadda kuka yi, kai ne ka yi nadama daga baya, to ba ka da ikon fasawa kai kaɗai. Tabarau da ake haɗawa a kan awon idonka cinikin istisna'i ne, wato ba da aiki a ƙera maka, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta yanke cewa yana lizimtar ɓangarori biyu idan sharuɗɗansa sun cika. Gilashin da aka yanka don idonka da wuya ya yi wa wani, shi ma mai shago yana da haƙƙi. Nacin magana kaɗai ba tilas ba ne a shari'a, ko da yake mai ci da kunyar mutane ya ji tsoron Allah. Sai ka roƙe shi ya yafe maka cinikin, domin hadisin Abu Dawud ya yi wa mai yin haka albishir da yafiyar Allah.

Na huɗu: abin da za ka yi

Ka koma shagon da wuri, kafin a yanka gilashin. Idan da ƙarya aka sa ka zaɓi mai tsadan, kana da damar fasa wannan ƙarin, ka koma wanda kake buƙata ko ka karɓi kuɗinka. Ka yi magana da ladabi, ka tafi da wanda ya san harkar. In ya ƙi, a Najeriya akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da hukumar ODORBN mai yi wa masu gwajin ido da masu haɗa tabarau rajista. Kai ƙara don neman haƙƙi ba giba ba ne.

Nan gaba ka karɓi takardar awonka tukuna. Ka tambayi kuɗin firam daban, na gilashi daban, na kowane ƙari daban, a rubuta maka a rasit tare da wa'adin gyara. Sabon tabarau yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ido ya saba da shi, amma idan ciwon kai ko dishi-dishi ya wuce mako biyu, ka mayar a sake aunawa. Namiji kuma ya guji firam na zinare, domin sa zinare haramun ne gare shi, halal ga mata.

Kada ka ji nauyin cewa sai ka yi shawara. Sahabin da ake yawan cuta a ciniki, Annabi (SAW) da kansa ya koya masa ya riƙa gindaya cewa babu yaudara.

Allah ne Mafi sani.