In Aski Ya Zo Gaban Goshi

Karatu: Littafin Ƙidaya sura 13 da 14, Galatiyawa 6:9

Yau maganarmu ta shafi 'yan'uwa waɗanda likita ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa. A ce mutum yana da kilo 90, aka ce ya sauko 78. Ya rage tuwo, ya kama tafiya da ƙafa, har ya kai 81. Daga nan sai ma'auni ya tsaya cik, mako uku, mako huɗu, ba motsi. A nan ne da yawa sukan karai su koma gidan jiya. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Me ke kawo wannan tsayawa? Babbar mota ta fi ƙarama shan mai. Haka jikin da ya koma kilo 81 ba ya ƙona abinci kamar lokacin da yake 90. Abincin da ya sa ka ragu da farko, yanzu ya zama daidai bukatarka. Ban da haka, Allah ya halicci jiki da dabarar tsira daga yunwa. In ya ga kitse yana tafiya, sai ya shiga tsimi, ya rage ƙonawa, ya kuma ƙara maka marmarin abinci. Ga mutane da yawa wannan yakan faru wajen wata 6 da farawa. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka ɗauka Allah ya ƙi jin addu'arka. Jikinka yana yin aikin da aka halicce shi ya yi ne.

To, me za mu yi?

Na fari, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rubuta duk abin da ya shiga bakinka har mako guda. Za ka ga ƙosan safe, da ɗanɗanon miya a bakin murhu, da shinkafar biki. Ƙarfin da ke cikin mai, na gyaɗa ko manja, ya ninka na garin hatsi fiye da sau biyu. Lemon kwalba ɗaya da ake rabawa a taron zumunta yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. Rage mai a miya, sha ruwa a maimakon lemo, ƙara ganye da wake da kifi.

Na biyu, ƙara motsi. A shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babba ya riƙa motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Tsoka tana cin abinci ko kana zaune. Noma, ɗiban ruwa, hawan tudu, duk suna ciki. Ka nemi barcin awa 7, gama rashin barci yana ƙara yunwa.

Na uku, kada ka mai da ma'auni alƙalinka. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, har ya ɓoye ragin da ka samu. Auna ƙugunka da igiya sau ɗaya a wata. Ka kuma sani, wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa ya riga ya taimaki jininsa da sukarinsa ƙwarai.

Ga gargaɗi. Azumi domin neman fuskar Ubangiji ne, kada mu mai da shi maganin tumbi. Mai ciwon sukari kuwa kada ya bar cin abinci sai da shawarar likita. Ku yi hankali da jiƙo da ƙwayoyin 'yan talla, gama waɗansu suna lalata hanta da ƙoda.

Ku tuna da Isra'ilawa a Kadesh. Sun ƙetare jeji, ga Kan'ana a gabansu. 'Yan leƙen asiri 12 suka yi kwana 40 a ƙasar, 10 suka dawo da labarin tsoro, jama'a suka ce gara su koma Masar. A bakin ƙofa suka karai, abin ya ja musu shekara 40. Kalibu da Joshuwa ne suka tuna da wanda ya kawo su har nan. Manzo Bulus ma ya gargaɗi Galatiyawa kada su gaji da aikin kirki, domin girbi yana da lokacinsa. Jikin nan amana ce, iyalinka da ikilisiya suna bukatarka da lafiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode domin inda ka kawo mu. Ka ba mu kamunkai da haƙuri ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, mu ƙarasa abin da muka fara. Cikin sunan Yesu. Amin.