Dogondutsi: Yadda ake ɗura wa laita gas ba tare da an ƙona gida ba

Daga tashar motar Dogondutsi zuwa kasuwannin Matankari, Koré Mairuwa da Tibiri, da wuya a ga teburin mai tireda babu laita a jere kusa da ashana da batir. Mutanen Arewa sun fi kiranta birike, sunan da suka aro daga Faransanci. Da ita ake hura gawayin shayi a fada, da ita mai tsire ke tada wuta, mata kuma ke kunna murhu. Ƙyastu da ƙanƙara da tsofaffi ke ɗaurewa a 'yar jaka sun kusa ɓacewa.

Yawanci idan gas ya ƙare sai a jefar da ita, alhali wasu an ƙera su ne don a sake cika su. Gane su ba wuya: a juya gindin laitar, in akwai ɗan rami mai bakin ƙarfe a tsakiya, to ana ɗura mata. Clipper ta ƙasar Sifaniya irin wannan ce, har dutsenta ana canzawa. Ita kuwa BIC ta Faransa, wadda ta shiga kasuwa a 1973, ba ta da wannan baki, kuma kamfanin bai yi ta don a sake cikawa ba. A Kuba akwai masu sana'ar huda irinta da allura su ɗura gas, amma talauci ne ya kai su, kuma laitar da aka huda tana iya yoyo a aljihu.

Abin da ke cikin laita gas ɗin butan ne da aka matse ya zama ruwa. Yana fitowa sarari yake komawa iska, domin ko a sanyin ƙanƙara tafasa yake yi. Shi ya sa wurin ɗurawa sai an kife laitar, an kife gwangwanin gas a kanta, don ruwan ya gangara. Wanda ya ɗura a tsaye iska kawai zai tura. Kafin nan a rage wutar zuwa ƙarshe, a danna bakin ramin da tsinke har hucin ya tsaya, saboda iskar da ta maƙale ciki ita ke hana gas shiga. Sai a danna gwangwanin na daƙiƙa 3 zuwa 5, sau biyu ko uku. Laitar za ta yi sanyi ƙalau a hannu. A bar ta 'yan mintuna kafin a ƙyasta.

A nan ne gaggawa ke jawo ɓarna. Butan ya fi iska nauyi, wanda ya zube ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa da jikin tufafi. A ɗakin kara ko bukka da murhu ke ci a gefe, tartsatsi ɗaya ya isa. A yankin da rumbunan hatsi ke dab da ɗakunan kwana, kuma ba kowane ƙauye motar kashe gobara ke isa da wuri ba, wannan aikin na waje ne, nesa da wuta da mai shan taba.

Tun da matatar SORAZ ta Zinder ta fara aiki a 2011, tukunyar gas ɗin girki ta ƙara shiga gidaje a Nijar, wasu kan yi sha'awar ɗura laita daga gare ta. Bakin tukunyar bai dace da na laita ba, gas ɗin da zai tsiyaye ya fi wanda zai shiga, kuma ba a tace shi yadda ƙaramin ramin laita ke buƙata ba.

Yanayin Arewa ma na da nasa rabon. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, masu ƙera laita kuma na gargaɗin kada ta kai digiri 50. Gaban mota da aka rufe a rana, ko teburin tireda mara rumfa, na iya zarce haka, robar ta tsage. Da hunturu kuma ƙura ke toshe bakin wutar. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya share ta. In ta yi nawa da sanyin asuba, a ɗan dumtse ta a tafin hannu.

In ƙafar na juyawa babu tartsatsi, dutsen ne ya cinye, ana sa sabo. In kuwa an kara ta a kunne aka ji tana huci alhali ba a danna ba, robar da ke toshe gas ta lalace. Irin wannan ba ta gyaruwa a gida, kuma bai kamata a miƙa wa yara su yi wasa da ita ba.