Amsoshin Tambayoyinku: Masu Zane a Jikin Jirgin Ƙasa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Ƙauran Namoda, ya rubuto yana cewa: "Na ga hoton wani jirgin ƙasa na Amurka an zane jikinsa kaf da fenti, har tagogi. Shin gwamnati ce ke sa a yi, ko kuwa kwalliya ce irin ta motocinmu na ɗaukar kaya?"

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Ba gwamnati ce ta sa ba, kuma ba a biya kowa ko kwabo ba. A nan ma ya bambanta da zanen gingimari da ka sani, inda mai mota da kansa ke kai ta wurin mai fenti, a yi ciniki, a zana masa zaki ko ɗawisu. Wancan aikin samari ne, cikin dare ake yin sa, kuma laifi ne a dokar can.

Abin ya yi ƙarfi ne a birnin Niyok, a jiragen da ke jigilar jama'a cikin gari, wani wuri ta ƙarƙashin ƙasa, wani wuri a bisa gada. A shekarar 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani yaro masinja da ke rubuta TAKI 183 duk inda aike ya kai shi. Taki laƙabinsa ne, 183 kuwa lambar titinsu. Da yaran unguwannin talakawa suka ga rubuta suna kawai ya kai mutum jarida, sai kowa ya ɗauka. Daga ɗan rubutu da alƙalami aka koma fentin feshi na gwangwani, haruffa suka yi ta girma, har ya kai ana cinye tarago guda da zane ɗaya.

Me ya sa jirgi, ga bango birjik? Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin mai kasa kaya a ƙofar gida da mai bin kasuwanni. Bango yana nan inda yake, 'yan unguwa kaɗai ke ganin sa. Jirgi kuwa zai ɗauki sunan yaro daga Bronx, ya ratsa tsakiyar birni da shi, ya kai Brooklyn, dubban mutane su gani kafin azahar. Ribar ke nan duka: a san da kai.

Aikin kuma ba wasa ba ne. Sukan tsallaka inda ake ajiye jirage da dare, su yi feshi cikin duhu a ɗan tsukin da ke tsakanin jirgi da jirgi, ba halin ja da baya a duba ko ya yi kyau. Ga ƙarfen lantarki a gefen layin dogo mai ƙarfin bolt wajen 600, akwai ma waɗanda suka rasa ransu. Fentin kuwa, galibi na sata ne. Sai gari ya waye su zauna a tasha suna jiran jirgin ya wuce, a sannan ne mai zane zai fara ganin aikinsa da kyau. Wasu zanen na waje gwanin sha'awa ne, amma gaskiya cikin taragun ƙazanta ce zalla, kuma fasinjoji na da hujjar yin ƙorafi.

Tun 1972 magajin gari John Lindsay ya ɗaura yaƙi da su. Aka yi kame, aka wanke jirage da sinadari, daga baya magajin gari Ed Koch ya sa shingen waya mai kaifi da karnuka. Duk bai hana ba. Wanda ya gano lagonsu shi ne David Gunn, da ya karɓi hukumar jiragen a 1984. Ya kafa ƙa'ida cewa taragon da aka riga aka tsabtace, in aka sake zane shi, ba zai fita aiki ba sai an goge, ko da fasinjoji sun cika tasha. To, ka kwana kana feshi, gari ya waye ba wanda ya gani, ina amfani? Ranar 12 ga Mayu 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane.

Masu zanen suka watse. Wasu, irin su Lee Quiñones wanda aka baje aikinsa a birnin Rum tun 1979, suka koma zane a kan kyalle suna sayarwa. Wasu suka koma taragun kaya, al'adar kuma ta haura Turai. Zanen jiragen Niyok na wancan zamani duk an goge, hotuna ne suka rage, musamman na littafin Subway Art da Martha Cooper da Henry Chalfant suka fitar a 1984, waɗanda yanzu ke yawo a intanet. Idan jirgin da ka gani na fasinja ne, mai yiwuwa hoton ya girmi 1989. Da fatan ka gamsu, sai mun sake jin ka.